Kunnen Sodangi Mai Amya

A shekarar 1960 suka fara haɗuwa, ranar wata Alhamis, kwana biyar bayan an sauke tutar Ingila an ɗaga tamu. Malam Sada yana da shekara ashirin da huɗu a lokacin. Malamin ɗakin shan magani ne a Kankiya, kuma kowace Alhamis yakan ɗaure akwatin magani a bayan kekensa ya kama hanyar Dudunni, can ƙasar Kusada, ya duba marasa lafiya a gindin wata tsamiya, ya komo kafin magariba. Hanya ce ta ƙafa da jakuna, itatuwa sun yi mata rumfa, gawo da ɗorawa da kanya, irin waɗanda yanzu sai dai a ba yara labarinsu.

Ya yi tafiyar mil bakwai ke nan sai ya ji nishi daga cikin wata gonar dawa. Ya jingine keke ya kutsa. A gindin wani gawo ya tarar da mutum kwance, igiya naɗe a hannunsa, amyar zuma da ya hau ratayawa ta fashe a gefensa, cinyarsa ta dama kuwa ta lanƙwashe a wurin da cinya ba ta lanƙwasawa.

"Sannu, bawan Allah. Daga sama?"

"Daga sama, Malam," in ji mutumin, yana cije leɓe. "Reshen ga ne bai yi shawara da ni ba."

Wannan shi ne Sodangi, mutumin Dudunni, mai kiwon zuma. Sada ya karyo karan dawa ya yi wa cinyar ɗori, ya ɗaure da igiyar mai ita, ya ɗora shi a kan keke. Mil huɗu ya tura shi cikin yashi kafin su fito hanyar mota, suka zauna har wata motar 'yan kasuwa ta zo ta kai su babban asibiti a Katsina. Marasa lafiyan Dudunni suka yi ta jira ranar nan har rana ta faɗi. Sodangi ya yi mako goma sha ɗaya a kwance, ya fito da ƙafa ɗaya ta gaza 'yar'uwarta da kamar yatsu biyu.

Mutum ne gajere, baƙi, mai faɗin kafaɗa, ya girmi Sada da shekara goma sha biyu. Bai yi boko ba, karatun allonsa ma bai yi nisa ba. Abin da ya gada daga mahaifinsa shi ne saƙar amya da kara da ciyawa, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta, a rataya bisa itace, zuma ta zo ta shiga. Amya arba'in da ɗaya gare shi, dukkansu a itatuwan bakin hanyar nan, domin nan gawo ya fi yawa, zuma kuwa ba ta da abin da take so kamar furen gawo. Amma abin da aka fi saninsa da shi kunne ne. Ba ya buɗe amya ya duba. Sai ya tsaya a gindin itace ya karkatar da kai, ya faɗa maka abin da ke ciki.

Bayan ya warke, yakan biyo ta ɗakin shan magani in ya shigo Kankiya, su zauna a kan benci su taɓa hira. Wata rana wata ƙudar zuma ta zo tana kewaya randar ruwa, sai Sada ya tuna makarantar Mishan inda ya yi karatu. Akwai wata Baturiya da ta koya musu kalmar da Turawa ke kiran wannan ƙara da ita. Ana rubuta ta buzz, ana faɗinta "baz", a ja ƙarshen tsakanin haƙora. Ta sa dukan aji suka yi ta ja har dariya ta ƙwace musu. Ta ce kalmar ta zuma ce, ta ƙuda ce, ta sauro ce. Ita ce kuma ake faɗa wa wayar tangarahu in iska ta kaɗa ta, da ƙararrawar lantarki da majiyyaci ke dannawa a manyan asibitoci, har da hayaniyar kasuwa in an jiyo ta daga nesa. Duk Sada ya zayyana wa Sodangi, da ɗan alfahari irin na mai karatu.

Sodangi ya dube shi. "Duka da kalma guda, Likita? Zuma da sauro da waya?"

"Duka, Sarkin zuma."

"To, Turawan ga ba su taɓa hawa itace da wuta a hannu ba. Da sun taɓa, da sun ƙaro."

Ya ce shi a wajensa zuma kaɗai murya biyar gare ta. Akwai hira, wadda take yi in abinci ya wadata, ƙasa-ƙasa, kamar mata na daka a gida mai nisa. Akwai maraici, in uwarsu ta mutu, siririya mai yankewa. Akwai sallama, in za su tashi su bar gida. Akwai gargaɗi, wadda ke hawa sama tana ƙara kauri, mai hankali in ya ji ta sai ya sauko. Kowace sai da ya kwaikwaya da bakinsa, masu jiran magani suna dariya.

"Ta biyar fa?" in ji Sada.

"Ta biyar ba a kwaikwayonta. Wanda ya ji ta bai bukatar a faɗa mishi sunanta."

Cikin watan Afrilu na 1963, lokacin ɗiban zuma, Sodangi ya zo da ƙwarya rufe da faifai. Saƙar zuma ce fara tas, daga amyar da ya fi ji da ita, ya kawo wa mutumin da ya tura shi a keke. Sada ya ɗaga faifan da murna. Ashe ƙuda ɗaya ta maƙale a ƙarƙashi. Ta tashi ta harbe shi a wuya, ƙasa da kunne kaɗan.

Da farko dariya suka yi. Sodangi ya kankare ƙarin da farcensa yana cewa ai gaisuwa ce. Ba a yi minti uku ba Sada ya ji tafin hannunsa na ƙaiƙayi, leɓunansa sun yi nauyi. Sai maƙogwaro ya soma tsukewa, kamar an zarga masa igiya ana ja a hankali. Ya san abin, ya karanta shi a littafi, bai dai taɓa zaton a jikinsa zai gan shi ba. Ya rarrafa zuwa kabad ya fasa 'yar kwalbar allura, amma hannunsa na rawa har ya kasa zuƙa. Da ƙyar ya ce, "Riƙe mini hannu." Sodangi ya riƙe, da hannun nan mai kaushi kamar bayan itace, har allura ta shiga cinya. Sada ya kwanta a ƙasa yana jan iska kamar ta cikin tsinke. Da idonsa ya washe, abin da ya fara gani shi ne Sodangi durƙushe, hawaye na bin gemunsa, ƙwaryar zuma ta kife a dandamali.

Likitan Katsina bai ɓoye masa komai ba. Ya ce jinin wasu mutane ba ya shiri da dafin zuma, kuma harbi na biyu ya fi na farko sauri. Ya ce kwalbar allurar nan kada ta yi nisa da hannunsa har ƙarshen ransa, kuma ko da ita ba a ba shi tabbas ba.

Daga ranar nan tsoro ya tare a gidan Malam Sada. Matarsa Haulatu ta fitar da duk wani abu mai zaƙi daga ɗaki, ta riƙa rufe randuna da bazara saboda zuma na zuwa shan ruwa. Ta sa aka sare lemon da ke tsakar gida tun kafin ya yi fure. Shi kuwa ya samo wani ɗan gwangwanin taba ya shimfiɗa auduga a ciki, ya kwantar da kwalbar da sirinji, ya sa a aljihun ƙirji. Ko masallaci da shi yake zuwa. Abin da ya fi damunsa shi ne kunnensa ba ya bambancewa. Buzuzu ne, ko ƙudan bola, ko waya ce iska ta taɓa, duk ɗaya ne a wajensa, duk kalmar nan ce guda ta Baturiya, kuma duk sai gabansa ya faɗi. An taɓa ganinsa ya bar majiyyaci da ma'aunin zafi a baki ya fice da gudu saboda zanzaro.

Alhamis kuwa ba ta da makawa. Ba wani malamin da za a tura Dudunni, kuma can akwai masu ciwon ido da mata masu ciki da ke ƙirga kwanaki suna jiransa. Yakan ɓalla maɓallin wuya ya naɗa mayafi cikin tsananin zafi, ya hau keke yana addu'a, idonsa na kan rassa maimakon kan hanya. Haulatu takan tsaya a zaure har sai ta ga ƙurarsa ta dawo.

Sodangi bai ƙara kawo zuma ba. Shekara guda cur bai taka ɗakin shan magani ba. Kafin damina ta sauka, amyar nan arba'in da ɗaya duk suka ɓace daga bakin hanya. Sada ya ji a bakin mutane wai ya kwashe su ya kai wani daji can wajen Kunduru, inda gawo bai taka kara ya karya ba. Mutanen Dudunni suka ce faɗuwar da ya yi ta taɓa masa kai. Sada ya ɗauka kunya ce ta sa mutumin yake gudunsa, ya ji ba daɗi, amma a ransa ya yi hamdala da hanya ta yi shiru. Kuma ta yi shirun. Shekara ta bi shekara, gawo na fure, ɗorawa na fure, bai ƙara jin zuma a hanyar Dudunni ba. Ya ce Allah ne ya amsa addu'ar Haulatu.

Wuri ɗaya ne kawai ya rage. A mashigin wani rafi, kusan rabin tafiya, akwai wata tsohuwar kuka wadda mutum shida ba sa zagaye ta da hannuwa. Can ƙololuwarta akwai kogo, zuma na ciki tun zamanin kakanni. A gindinta Sada ya soma tarar da Sodangi kowace Alhamis da hantsi, zaune yana tufkar igiya, wani lokaci hannuwansa duk laka.

"Sarkin zuma, ba ka da gona ne?"

"Gonar ta san hanyar gida, Likita. A sauka lafiya."

Yawanci iyakar maganar ke nan. Amma sau ɗaya ko biyu a shekara, da bazara, sai ya same shi tsaye tun kafin a kai kukar. "Yau kada ka bi ta nan. Yashi ya ci mashigi. Zagaya ta bayan gonar Ɗanmaliki." Zagayen nan mil ɗaya da rabi ne cikin ƙaya. Sada yakan bi don ganin girmansa, ya dawo gida ya yi wa Haulatu mita, wai tsufa ya soma kama mutumin, yashin da jaki ke ratsawa shi ne keke ba zai ratsa ba.

A 1975, shekarar da ma'aikata suka samu ƙarin albashi kowa ya sayi abin hawa, Sada ya sayi babur ja. Ranar da ya fara isa mashigi da shi, Sodangi ya miƙe tsaye, igiya ta faɗi daga cinyarsa. Bai yi masa murna ba.

"Kashe shi, Likita."

Sada ya kashe yana dariya. "Ba ka ce Allah ya sa alheri ba."

"Allah shi sa alheri. Amma abin ga naka da muryar gargaɗi yake magana, su kuma suna amsawa. Kuma ya toshe maka kunne. In ka hango kukar ga, ka kashe shi ka tura har ka haye."

Sada ya kiyaye wannan, don tsoro bai sake shi ba. Tun daga wata kanya mai nisan taki ɗari uku yakan kashe ya sauka.

Sai aka zo shekarar 1977. Kuɗin mai ya yi yawa, aka ba wani ɗan kwangila aikin faɗaɗa hanyar. Katafila ta taso daga ɓangaren Kusada tana tumɓuke duk abin da ta tarar. An ce sai wani mako za ta kai rafi. Ranar Alhamis, goma ga watan Maris, Sada ya fito a makare saboda wata haihuwa, rana ta riga ta take. Sauri yake yi. Ya zo daidai kanyar da yake sauka, ya ce a ransa bari ya ƙara matsawa kaɗan.

Abin da bai sani ba shi ne katafila ta kwana a bakin rafi. Tun da safe Sodangi ya roƙi shugaban leburori su dakata wa kukar har ya yi mata hayaƙi, aka yi masa dariya aka ce ya matsa. Da ya ga ba za su ji ba, sai ya ɗauki gwadonsa mai kauri da tabarma da wani kasko mai garwashi da busasshen kashin shanu, ya kamo hanyar Kankiya yana ɗingishi, don ya tare Sada tun daga nesa. Taki ɗari biyu kawai ya yi aka daki kukar.

Sada ya sha kwana ya ga abu uku a lokaci ɗaya. Ga Sodangi tsakiyar hanya yana ɗaga hannu. Ga direban katafila ya duro yana gudu, riga a kansa. Ga kukar ta karkata, wani baƙin abu kamar hayaƙi na tuɗaɗowa daga samanta, amma hayaƙin da ba ya bin iska. Bai ji komai ba sai ƙarar babur ɗinsa. Ya danne birki, yashi ya kwashe ƙafar gaba, ya faɗi da ƙirji. Ya ji wani ɗan ƙas a aljihu, sannan danshi ya ratsa rigarsa. Gwangwanin ya lotse, kwalbar ta fashe.

"Kashe shi! Kashe abin ga!"

Sada ya miƙa hannu ya murɗa makulli. Injin ya mutu. A nan ne ya ji murya ta biyar.

Ba ta yi kama da kalmar Baturiya ba ko kaɗan. Ba a kunne ya ji ta ba ma, a haƙora ya ji ta da cikin ƙashin ƙirji, kamar ƙasa ce da kanta ke gurnani, kuma tana matsowa. Sodangi ya cafki wuyan rigarsa ya ja shi cikin wani kwari a gefen hanya, ya lulluɓe shi da gwado tun daga kai har ƙafa, ya cusa gefunan a ƙarƙashinsa, ya rufa tabarma a sama. Ya ajiye kaskon hayaƙi daidai kansa.

"Shigo!" in ji Sada daga ciki. "Shigo mana!"

"Gwadon mutum guda ne. Yi shiru."

Sai ya ji nauyin Sodangi ya kwanta a kansa, hannuwa da ƙafafu sun danne bakin tabarma.

Duhu, da zafi, da warin hayaƙi. Sannan suka iso. Suna faɗa wa tabarmar kamar ɗigon ruwan farko a kan kwano, ɗaya-ɗaya, sannan babu ƙidaya. Sada yana jin jikin Sodangi na ɗan zabura, ya lafa, ya sake zabura, ya kuwa san ma'anar kowace zabura. Gumi na shiga masa ido bai isa ya share ba. Ya karanta duk abin da ya haddace, ya koma farko. Ya tuna Haulatu tsaye a zaure.

Can sai ya ji wani abu na tafiya a bayan hannunsa na hagu. Ƙafafu ƙanana, a hankali, suna hawa wajen wuyan hannu.

"Sodangi," ya ce da raɗa. "Akwai ɗaya ciki."

Muryar Sodangi ta zo ta cikin tabarma, ta yi kauri, don leɓunan sun soma kumbura. "Kada ka motsa. Kada ka busa mata numfashi. Mi take cewa?"

"Ban sani ba!"

"Ka sani. Na koya maka a kan benci. Saurara."

Sada ya runtse ido cikin duhun. Ƙarƙashin gurnanin waje, dab da kunnensa, ya tsinkayi wata 'yar murya. Takan yi ta yanke, ta sake yi ta yanke.

"Siririya ce. Tana yankewa."

"To, ɓata ta yi, ba faɗa take nema ba. Haske take so. Zan ɗaga mata kusurwa. In ka motsa ka kashe mu."

Wani ɗan haske kamar ƙwayar gero ya bayyana kusa da gwiwar hannunsa. Ƙudar ta tsaya a kan jijiyar wuyan hannu, daidai inda yake taɓa majiyyata in zai ƙirga bugun zuciya. Yana jin jijiyar na harbawa a ƙarƙashin ƙafafunta. Ta juya. Ta gangara ta bi hannun riga, ta tsaya, ta ci gaba. Hasken ya toshe, ya sake buɗewa, sannan yatsan Sodangi ya danne wurin.

Daga nan Sodangi ya riƙa ba shi labarin abin da ke waje, kalma biyu uku, yana hutawa. "Har yanzu ta biyar ce." Bayan wani lokaci mai tsawo, "Ta sauko gargaɗi." Sada ya kasa kunne, ya kuwa ji ta sauko. Daga baya can, da murya wadda da ƙyar ake ganewa, "Ka ji? Maraici. Gidansu suke kuka yanzu, sun manta da mu. Ja ciki, kada ka miƙe, gwadon na kanka."

Agogon hannun Sada ya nuna sun yi awa ɗaya da minti goma. Suka ja ciki har bayan gonar Ɗanmaliki kafin ya yaye gwado. Ko harbi ɗaya bai same shi ba. Da ya dubi Sodangi bai gane shi ba. Idanu sun rufe, kunnuwa sun yi kamar faifai, wuya da ƙeya da bayan hannuwa duk ƙari ne tsaye kamar ƙaiƙayi. Sada ya kankare su da bayan wuƙa yana ƙirgawa. Ɗari biyu da goma sha huɗu.

Kwana tara Sodangi ya yi a gadon ɗakin shan magani. Jikin da ya saba da dafi tun yarinta ne ya cece shi, amma kunnen hagu bai ƙara ji ba. Ranar da ya fara shan kunu da kansa, Sada ya zauna a bakin gado.

"Sarkin zuma, me ya fito da kai da gwado cikin wannan zafi?"

"Sanyi nike ji, Likita. Tsufa."

"Kaskon wuta fa?"

"Shi ma sanyin ne."

Bai ƙara ko kalma a kai ba, Sada kuma ya bar shi a kan Allah ne ya haɗa. Sodangi ya rayu shekara huɗu bayan haka. Ya rasu da daminar 1981, zazzaɓin kwana uku, a ɗakinsa a Dudunni.

Aikin hanya bai kai ko'ina ba. Ɗan kwangila ya tsaya a rafi ya kwashe kayansa, don haka daga mashigi zuwa Kankiya tsofaffin itatuwa na nan. Bazarar da ta biyo bayan rasuwar Sodangi, wata Alhamis, Sada ya kashe babur don ya gyara ɗaurin akwati, sai ya ji abin da rabonsa da ji a wannan yanki tun shekara goma sha tara. Hira ce, ƙasa-ƙasa, daga wani gawo. Daga inda yake tsaye ya hango kogon. An taɓa toshe shi da laka, lakar ta tsage, zuma na shiga ta tsagar. A jikin lakar akwai shatar tafin hannu, gajere mai faɗi. Kafin ya kai Dudunni ya ji su a itace uku.

Bai tsaya a tsamiya ba, gidan Sodangi ya wuce. Matarsa Iyatu na zaune tana kaɗi. Bayan gaisuwa ya faɗa mata abin da ya gani.

Ta ajiye mazari. "Sai yanzu ka gani, Likita? Kai da ke da ido biyu da gilashi?"

Ta ce tun shekarar da zuma ta harbi Sada, maigidanta bai ƙara barin ƙuda ta kwana a hanyar nan ba. Shi ya sa ya kwashe amyarsa, zumar da suke samu ta ragu da rabi, ita da shi suka yi faɗa a kai har ta yi yaji na kwana shida. Kowace shekara in kaka ta wuce, sai ya bi hanyar itace-itace da kaskon hayaƙi da kwandon laka, ya kori na kora ya toshe kogo. In damina ta wanke, ya sake. Kukar mashigi ce kaɗai ta gagare shi, don ƙafar ba ta kai shi ƙololuwa. Shi ya sa yake zama a gindinta ranar Alhamis yana sauraro. In hira suke, ya bar Sada ya wuce. In sun soma gargaɗi, ya ce yashi ya ci mashigi.

"Yashi bai taɓa cin mashigin ga ba," in ji Iyatu. "Ko akuya ta sani."

Sada ya dube ta. "Me ya hana shi faɗa mini, Iya?"

"Ya ce in ka sani za ka hana shi, ko ka riƙa yi mishi godiya, shi kuma duka biyun bai so."

A ƙarshen shekarar Malam Sada ya nemi a sauke masa zuwa Dudunni, aka ba wani sabon malami. Amma kafin ya bari, wata safiya da sanyi lokacin da zuma ba ta fita, ya ajiye babur ya bi hanyar da ƙafa daga Kankiya har mashigi, da ɗan littafi a hannu. Kogo talatin da shida ya samu a toshe. A wasu lakar ta hau kan laka har hawa goma sha wani abu, kowane hawa da shatar hannun. Ya koma ya faɗa wa Iyatu adadin, don yana ganin ya kamata wani ya sani.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ci gaba da kaɗinta.

"Ya ce mil huɗu ka tura shi cikin yashi," in ji ta. "Ya ce shi bai iya keke ba. Abin da ya iya ke nan."